Faifan Inna

Ina Kasuwar Muda Lawal ina zaɓar kaba aka kira ni. Wata murya da ban sani ba ta ce, "Ke ce mahaifiyar Lailatu?" Na ce ni ce. Ya ce tifa ta bi ta kan keken da take ciki a hanyar Yelwa, in zo asibiti. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta.

Lailatu ce 'yata ta uku, ita kaɗai ta yi jami'a. Ni faifai nake ɗinkawa a Inkil tun ina budurwa. Ita ta buɗe mini shago a intanet, ta ɗauki kowane faifai hoto, ta yi masa shafinsa. Ta koya mini in danna waya in ce "faifan Bauchi" da baki, tunda rubutu yana ba ni wuya. Sai jerin shaguna ya fito, namu na biyu. Hoton wani faifai ne ja da baƙi, tana riƙe da shi a ƙirji tana dariya. A ƙasa ta rubuta: "Faifan Inna, ɗinkin hannu daga Inkil. Ba ya zuba, ko mai shi ba ta zuba." Da ta karanta mini na jefe ta da takalmi.

Bayan sadakar bakwai gida ya yi shiru. Na ɗauki wayar na ce "faifan Bauchi". Wayar ba ta ji ni ba, na sake faɗa. Shagunan wasu suka fito. Na ja ƙasa, na ja, har na ga sunan namu can ƙarshe, ba hoto, ba maganarta. Kalma ɗaya ce kawai da na iya haɗa baƙaƙenta: Fayafayi.

Wayarta ta farfashe a hatsarin. Ba ta son hoto, kullum sai ta kare fuska. Wannan na shagon ne kaɗai nake da shi tun da ta girma.

Na hau keke zuwa Yelwa, ɗakin da suke haya da ƙawarta Roda. A hanya na rufe ido da muka zo wurin hatsarin.

"Mama, ni na rufe shagon," in ji Roda. Ta durƙusa a gabana. "Mutane suna ta kira suna tambayar kaya, ku kuna zaman makoki. Na ga bai dace ba. Na ɓoye shafukan kayan duka, na bar babban shafin da ya tara su."

"Kin goge ta?"

"Ban goge ba, wallahi. Hoton yana ciki." Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini, ta tura mini shi a waya. "Ga shi, yanzu naki ne."

Na duba. Ita ce. Amma na ce, "Roda, wannan a aljihuna yake. Ita a can ta ajiye shi, inda mutane ke wucewa."

Ta ce, "Zan buɗe. Sai dai ba yau zai fito ba. Abin binciken sai ya sake zagayowa ya ga shafin. Wani lokaci kwana uku, wani lokaci wata. Wani lokaci ma ba ya komawa inda yake."

"Ba wanda za a je a roƙa?"

"Babu ofishi, Mama." Ta share ido. "Kuma akwai wata magana. Wannan faifan ta sayar da shi tun azumi. In na rubuta ya ƙare, shafin zai yi ta sauka ƙasa. In na rubuta akwai, za a kira ki a ce a kawo."

Tun ranar hatsarin ban taɓa basilla ba. Kabar da na saya tana ɗaure a ledarta a bayan ƙofa, ban iya kallonta.

"Rubuta akwai," na ce.

"Mama, kar mu yi wa mutane ƙarya da sunanta."

"Wa ya ce miki ƙarya ce? Rubuta."

Na koma gida na jiƙa kaba. Na soke yatsa sau biyu. Babanta, Malam Hammajoda, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe.

"Habibatu, ba za ki huta ba?"

"In na gama, Malam."

Kwana tara ina dubawa, ba komai. Rana ta goma na ga ja da baƙi, na huɗu a jeri. Hoton ya fito ƙarami, an yanke samansa. Faifan ne da yatsunta huɗu a gefe, fuskar sai an danna. Maganarta tana nan, an datse ƙarshenta da ɗigo uku.

Ran nan wata mata ta kira daga Jos. "Don Allah Lailatu ce?" Na ce mahaifiyarta ce. Ta ce, "Au, ke ce Innar da ba ta zuba?" Ta yi dariya. Na ce ni ce, guda nawa take so.

Yanzu ja da baƙi kaɗai nake ɗinkawa. Kullum in na ɗora koko a wuta, sai in ce wa wayar "faifan Bauchi", in ƙirga da yatsa daga sama. Jiya muna na biyar. Yau na uku.