Takun Gide

Da Gide ya rasu a Tafoki, shekarar da aka fara kai auduga Funtuwa a mota, amininsa Barau ne ya yi masa wanka. Liman na zuba ruwa, shi kuma ya naɗe hannunsa da ƙyalle yana cuɗawa a ƙarƙashin mayafi. Da ya kai ga al'aura sai ya ji wasu ƙuraje masu kaushi guda-guda sun yi layi a gindin gaban mamacin. Bai faɗa wa kowa ba, don abin da mai wanka ya taɓa amana ce.

Bayan takaba da wasu watanni Barau ya auri Hajaratu, matar da Gide ya bari. Kowa ya ce ya kyauta.

Damina ta yi nisa, wata safiya yana wanka a bayan gida sai yatsansa ya ci karo da wani abu. Ya duba. Ƙuraje ne ƙanana, kalar fatarsa, ba zafi ba ruwa. Abin da ya sa ƙwaryar wankan ta suɓuce daga hannunsa shi ne wurin da suka fito da yadda suka jeru. Hannunsa ya riga ya san wannan layin.

Ya yi shiru da maganar har ƙurajen suka ƙaru, sannan ya tafi Ruwan Godiya wurin Baba Rabo wanzami, inda ba a san shi sosai ba.

"Tusar jaki ce," in ji Baba Rabo. "Sai dai ta zaɓi mugun wuri. Cije wannan."

Ya yanke su da aska, ya shafa toka da wata saiwa. Barau ya dawo gida a ƙafa yana buɗa ƙafafu, yana jan ta hagu don kada wando ya goge ciwon.

Hanyarsa ta bi ta ƙofar gidan Dada, mahaifiyar Gide, tsohuwa makauniya da ke wuni a zaure tana kaɗi. Yana zuwa daidai ƙofar sai ta ajiye mazari.

"Gide? Ka dawo?"

Barau ya tsaya cak a cikin rana.

"Barau ne, Dada."

"Muryar ta Barau ce," ta ce. "Takun na ɗana ne. Haka yake jan ƙafa tun kaka waccan."

Ciwon ya warke, ƙurajen suka sake tsirowa a wurinsu, har da ƙari. Barau ya daina bin ƙofar Dada, ya koma zagayawa ta bayan rumbuna. Ya ƙaurace wa ɗakin matarsa. Idan yana noma shi kaɗai cikin dawa sai ya riƙa waiwaye. Zuciyarsa na gaya masa Gide bai yarda da auren ba, ya fara karɓar jikinsa ne daga ƙasa, sannu a hankali.

Hajaratu ce ta tare shi wata rana da ta kai masa fura gona.

"Malam, na sani. Na ga yadda kake zama a karkace. Shi ma haka ya yi. Ya je an yanka mashi, suka dawo, ya ɓoye mani har ya koma ga Allah. Kada kai ma ka yi mani haka."

"Su suka kashe shi?"

"Sanƙarau ya kashe shi, kai ma kana wurin."

Ranar kasuwar Ƙanƙara Barau ya je ɗakin shan magani na garin. Malamin asibitin, wani mai suna Zailani, ya duba shi a bayan labule, ya yi masa tambayoyi, har Barau ya faɗi abin da ya daɗe yana riƙe da shi. Malam Zailani bai yi dariya ba. Ya ce irin waɗannan ƙurajen jiki ke ba jiki a shimfiɗa, kuma mace kan ɗauka daga wani ta kai wa wani ba tare da ta ga komai a jikinta ba, babu laifinta. Ya ɗiga masa wani magani mai raɗaɗi da tsinke, ya ce ya wanke kafin la'asar, ya riƙa dawowa, ya kuma kawo matarsa ungozoma ta duba ta.

Barau ya yi ta zuwa har aka girbe dawa. Ƙurajen suka bushe suka zube, wasu suka sake leƙowa, aka sake ɗiga musu, daga baya suka tafi. Ya koma ɗakin Hajaratu. Tafiyarsa ta miƙe.

Wata rana da hantsi ya yi ƙarfin hali ya bi ta ƙofar Dada da damin dawa, ya yi sallama ya sauke mata.

"Barau ne," ta ce tun kafin ya gama. "Na gane takunka yau. Allah ya yi albarka."

Har Barau ya juya zai fita sai tsohuwar ta karkata kanta wajen ƙofa, tana saurare.

"Shi wanda kuka zo tare, mi ya hana shi shigowa?"

Barau ya leƙa waje. Babu kowa a hanyar sai wata akuya kwance a inuwar katanga. Ya ce mata shi kaɗai ne, ya yi mata sallama, ya tafi gida da sauri.