Hannun Manang Ipang

A garinsu na yankin Ilocos, tsakanin gonakin taba da teku, ƙarami idan ya shigo gida sai ya kama hannun babba ya ɗora bayan hannun a goshinsa. Mano ake ce wa abin, kuma ba a tambayar dalilinsa. Crisanto Cabanting ne ya fara tambaya, a jarida kuwa ya yi ta.

Lokacin yana saurayi a Manila, sabon shiga aikin jarida, baki cike, ciki wayam. Ya rubuta cewa al'ummar da ke kai goshinta ga hannun tsofaffi ba za ta taɓa ɗaga kai ta ga gabanta ba. An yaba masa ƙwarai, musamman waɗanda iyayensu suka riga suka mutu.

Jaridar ta iso gida. Yayarsa Felipa, wadda duk gari ke kira Manang Ipang, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe. Da ya zo hutun Kirsimeti ya miƙa hannu bisa sabo, sai ya tarar ta rungume tukunya.

"Bari, Anto," ta ce. "Kada in hana ka ganin gabanka."

Ya yi dariya. Ya ɗauka kafin Ista za ta huce.

Duniya ta yi ta juyawa da shi. Wata gwamnati ta rufe jaridar, wadda ta biyo baya ta gano cewa maganin bakin ɗan jarida shi ne a tura shi inda ba a jin yarensa, sai ta naɗa shi jakada. Ya rusuna wa sarakuna, ya sasanta rigimar masunta da ta kusa kai ƙasashe biyu ga jan daga, ya sumbaci safar hannun wata sarauniya. Hoton wannan na ƙarshe Manang Ipang ta yanko ta liƙa a ƙofar kicin, daidai inda zai gani.

Duk zuwan da zai yi, hannunta da aiki. Yau kitson tafarnuwa, gobe shirya ganyen taba a tsinke, jibi figar kaza. Akwai ranar da ta ji ƙarar motarsa ba ta riƙe da komai, ta sunkuya ta ɗauki kyanwar maƙwabta, ita da ba ta ƙaunar kyanwa. Abinci kam ba ta taɓa hana shi ba. Shinkafa da miyar ganye mai daddawar kifi tana jiransa kullum, har da ƙari.

Da ya yi ritaya ya dawo yana koyar da aikin jarida a wata ƙaramar kwaleji. Kai ya yi fari. Ita kuwa ta haura tamanin, likita ya fara maganar zuciyarta cikin raɗa. Crisanto bai yarda albarka na bin ƙashin hannu ta shiga kwanya ba, kuma tsufa bai sauya masa ra'ayi ba. Amma mai gyaran lantarki ma idan ya shigo gidan yana samun hannun nan. Shi kaɗai ne a garin ba ya samu, ga shi lokaci na ƙurewa.

Ya yi abin da ya iya: ya nemi mai shiga tsakani. Fada Lino, limamin cocin garin, ya karɓi aikin saboda bai san matar sosai ba.

"Ta ce ka janye maganar," in ji Fada da ya dawo.

"Jakada ba ya janye magana, Fada. Fayyace ta yake yi. Kuma a ina zan janye? Jaridar ta riga mu gidan gaskiya."

Ya tsara wa Fada abin da zai faɗa: yana takaicin duk wani ɓacin rai da wataƙila aka samu a wani ɓangare. Fada ya hau tsanin gidanta, bai daɗe ba ya sauko yana share zufa.

"Ta ce wannan ba ban haƙuri ba ne, hasashen yanayi ne. Ambasada, ni dai ka sallame ni. Ina da jana'iza, ta fi sauƙi."

Dole ya je da kansa. Ya same ta a baranda, sigari mai kaurin rake a hannu ɗaya, carbi a ɗayan.

"Manang, mu faɗi gaskiya. Rabin abin da na rubuta daidai ne."

"Ya fi rabi," ta ce. "Tsofaffin banza sun cika garin nan. Akwai wanda hannunsa bai cancanci goshin akuya ba."

"To, ai kin gani!"

"Na gani. Ni da na wanke maka kashi, a wane rabin ka sa ni?"

Mutumin da ya amsa tambayoyin 'yan jarida a harsuna huɗu ya tsaya yana kallon bishiyar mangwaro. Gaskiyar ita ce lokacin da yake rubutun ko tuna ta bai yi ba, kuma ya san wannan amsar ta fi shiru muni.

Ranar bikin waliyyin garin ya zo da sassafe don ya raka ta coci, sanye da farar rigarsa ta zaren abarba. Gidan na katako ne a kan dirkoki, tsaninsa a miƙe. Yarinyar da ta saba riƙe ta wajen saukowa ta riga ta tafi wajen mawaƙa. Manang Ipang ta tsaya a bakin tsanin ta duba ƙasa, ta duba gwiwoyinta. Ta jefa carbi a aljihu. Da hagu ta dafa katako, dama kuwa ta miƙo masa, ba ta kalle shi ba.

Ya kama. Hannun ba nauyi, kamar busasshen ganyen taba. Tana mataki biyu a samansa, tsakanin yatsunta da goshinsa bai kai taƙi ɗaya ba. A aikinsa ba a barin irin wannan dama. Ya sha karɓo sa hannun ministocin da barci ya ci ƙarfinsu, kuma yarjejeniyar ta zauna daram. Sunkuyawa kaɗan kawai.

"Sauko a hankali, Manang," ya ce. "Matakin ƙasan yana motsi."

Ba ta sauko ba.

"Me kake jira? Ga shi a hannunka."

"Aronsa kika ba ni don tsani. Ba na cin amanar aro."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. Can nesa masu kakaki da ganga sun fara gwaji, kowa da nasa kiɗan.

"Duk ƙasashen nan da aka kai ka, ashe ka koyo abu ɗaya," ta ce.

Ta ɗaga hannun da kanta ta buga masa a goshi, zoben aurenta ya ce ƙwas.

"Allah ya yi maka albarka. Kai, wannan wane irin mai kake shafawa? Ba ni hankicinka."

Ya ba ta. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta sa hankicin a aljihunta, sannan ta sauko. Maganar dai bai janye ta ba, ita ma ba ta ƙara tada ta ba. Ya zauna a layin gaba na coci da jan ƙululu a goshi, Fada Lino ya hango shi daga bagade ya rasa inda ya tsaya a addu'a.