Wayar da Yaya Tanimu Ya Riƙe

Jiya, tsakanin la'asar da magariba, barci ya sace Barira a kan teburin aikinta, ta yi wani mafarkin da har yanzu ba ta iya faɗa wa kowa ba.

Kwana uku ke nan tana fama da kwamfutar. Yayanta Tanimu, mai ɗaukar bidiyon biki, shi ya tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ranar da ya haɗa ta ya daina zaman jira a shagon mutane don a tace masa bidiyo. Bai kai ga haɗawa ba, ciwon kwana biyu ya ɗauke shi kafin azumi. Barira, wadda a gefensa ta koyi riƙe sukundireba, ita ta buɗe kwalayen ta haɗa komai da hannunta. Ta danna maɓalli, shiru. Ta canza soket, ta canza waya, ta tayar da janareta. Ko fitila ba ta ƙyafta ba. Shi ne ta kifa kai a kan tebur, wai ta ɗan huta.

Sai ga ta a kan layi a wani asibiti mara rufi. Kowa yana goye da kwamfutarsa, maza da mata, babu mai magana. Mutanen suna tsaye, inuwoyinsu kuma sun samu benci sun zauna. Tata kwamfutar na bayanta, sanyin ƙarfen yana ratsa zane har ƙashi.

A bakin tebur wata zabuwa ce da tabarau take karɓar mutane.

"Me ke damunta?" in ji zabuwar.

"Ba ta tashi."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka haife ta."

Zabuwar ta rubuta da baki, rubutun yana gogewa a bayanta. Ta ce, "To ai ba mutuwa ta yi ba. Ba ta iso ba ne tukuna. Shiga ki kira ta. Ki taɓa ƙarfe kafin ki taɓa kowa."

Barira ta sauke goyon, ta cire murfin gefe, ta taɓa ƙarfe, ta sa ƙafa ciki.

Gari ne. Ƙasarsa koriya shar, da siraran hanyoyi masu ruwan zinariya. Gidajen baƙaƙe ne, babu ƙofa babu taga. Can sama, inda ya kamata a ga rana, manyan fankoki uku ne tsaye cik. Ta gane wurin. Wannan shi ne bod, farantin nan da ta ɗaure da noti tara. Ga ma inda sukundireba ya kufce mata ya yi ɗan ƙarce, nan ya zama kududdufi. Ta leƙa. Maimakon fuskarta, ƙeyarta ta gani.

A bakin hanya wata tsohuwa tana soya notina a kasko kamar gyaɗa, ba tare da wuta ba.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yawwa, 'yar nan. Kin duba makunnin baya?"

"A kunne yake."

"Babbar wayar nan mai baki ashirin da huɗu fa?"

"Na tura ta har ta yi ƙas."

"Ƙaramar, mai baki takwas?"

"Ita ma."

Tsohuwar ta jefa noti ɗaya a baki ta tauna. "To ba daga wajena ba ne. Yi gaba. Amma ki rage numfashi, garin nan ba a saba da shi ba."

Gaba kaɗan ta tarar da wasu dogayen mutane biyu, sirara kamar katako, tsaye cikin rami suna barci. Ta san su, su ne ram, masu riƙe wa kwamfuta abin da take tunawa. Ɗaya ƙafarsa ta ɗan fito waje. Ta dafa kafaɗunsa ta danna shi har ya zauna daram. Suka buɗe ido tare.

Ta ce, "Ina neman abin da ya hana garin nan wuta."

"Da mun sani," in ji na farko.

"To ku tuna mana."

"Mu idan babu wuta ba ma riƙe komai. Ko sunanmu."

Na biyun ya nuna da haɓa. "Akwai wani a ƙarshen gari. Shi bai manta komai ba. Tun kafin azumi yake zaune."

Ba ta yi tafiya ba, ƙarshen garin ne ya zo ya same ta.

Wasu ƙarafa ne a jere, layi biyu, kowanne tsawon taɓarya. A gindinsu an shimfiɗa tabarma, a kan tabarmar kuma Yaya Tanimu ne, cikin shuɗin yadinsa na zuwa aiki, yana riƙe da wata siririyar waya mai baƙin kai.

"Auta," ya ce. "Kin sha hanya."

Ta buɗe baki za ta yi kuka, sai ta ga kafaɗarsa ta goce gefe kamar hayaƙi, sannan ta dawo a hankali. Numfashinta ne ya taɓa shi. Ta toshe baki da mayafi, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, ta ƙi kamawa. Na yi duk yadda ka koya min."

"Kin yi daidai. Abu ɗaya kawai. Wannan ita ce wayar maɓalli. Kin sa ta a layin ƙasa, alhali na sama ne nata. Duk dannawar da kike yi, babu wanda ya ji a nan."

"To tun da ka gani, me ya sa ba ka gyara ba?"

Ya ɗaga kai ya dubi fankokin. Ita ma ta duba.

"Nan babu iska," ya ce. "Shi ya sa nake iya zama."

Ya sauke kai ya dube ta.

"Inna fa?" ya ce.

"Tana nan. Har yanzu takan ɗauko kwanonka idan za ta raba tuwo, sai ta tuna ta mayar."

Ya gyaɗa kai, kan ya ɗan watse ya sake haɗuwa. Ya miƙo mata wayar. "Karɓi. Ban sayi kwamfutar nan don ta zauna shiru ba. Waɗancan ƙarafa biyun ne, na sama daga dama."

"Idan na sa fa?"

"Sai ta kama."

"Kai nake tambaya, Yaya."

"Ai na ba ki amsa."

Ta karɓa. Wayar ta yi nauyi kamar igiyar guga cike da ruwa. Da ta waiwaya, duk suna bayanta a jere: zabuwar, tsohuwar, dogayen nan biyu, da mutanen asibiti da goyonsu. Babu wanda ƙirjinsa ke motsi. Ita kaɗai suke kallo.

Ta ɗaga wayar sama. Ba ta kai ga ƙarafan ba, sai wani gurnani ya taso daga nesa. Fiffiken fanka ɗaya ya motsa. Gefen tabarmar ya ɗaga.

"Ban sa ba!" ta ce. "Yaya, wallahi ban sa ba tukuna!"

Gurnanin ya ƙaru, ya cika garin, ya cika kanta.

Injin markaɗen maƙwabta ne. An tayar da shi kamar kullum, ana niƙan kayan miyar yamma. Barira ta ɗago, kumatunta da shatin sukundireba.

Ta kunna fitilar wayarta ta haska cikin akwatin. A kusurwar ƙasa, siririyar wayar maɓalli tana kan layin da ba nata ba. Ta zare ta, ta mayar da ita kan na sama daga dama. Wayar ta shiga lafiya. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin.

Inna ta ɗaga labule, da robar tattasai a hannu. "Auta, miƙa min wannan kafin su kashe injin. Ta kama kuwa?"

Barira ta dubi fankokin nan uku, suna tsaye cik. Ta janye yatsanta.

"Tukuna, Inna," ta ce, ta karɓi robar. "A bar ta ta ƙara kwana."