Omu a Ƙofar Gidanmu

Ranar Litinin da hantsi muka dawo daga gonar doya, ni da babana Nna da mamata Nne, muka tarar da omu ɗaure a ƙofar gidanmu. Sabon tohon ganyen kwakwa ne, ɗanye shar, ko yaushi bai yi ba. Nne ta saki kwandon da ke kanta. A Amaokwu ba a ɗaura wa gida omu sai an yi mutuwa, ko kuwa wani ya tuhumi maigidan da babban laifi, yana kiransa rantsuwa gaban Ala, uwar ƙasa. Wanda ya rantse kuma ya mutu cikin shekarar, ba mai yi masa kuka, ba mai binne shi a gidansa.

Nna ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ba wanda ya mutu," in ji shi. "To, Okwudili ne."

Dede Okwudili wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara biyu suna jayayya a kan wani fili a bakin rafi, filin da mutanen coci ma suka daɗe suna zagayawa suna kallo.

Ni dai ƙullin nake kallo. Ba irin ɗaurinmu ba ne. An lanƙwasa ganyen an soka shi a tsakiya, ya fito kamar gicciye. Jiya-jiya na ga hannun da ke irin wannan ƙulli. Fada Moran, Baturen coci, ya raba mana ganyen kwakwa, ya ce ranar ce mutane suka tarbi Yesu da shi. Nawa a daji na jefar kafin in iso gida.

Bai kamata a gan ni a coci ba. Ina aji biyu Nna ya cire ni daga makarantarsu, ranar da Tisha Cyprian, mai yi wa Fada tafinta, ya ce kakanninmu suna wuta. Nna ya ce in ƙafata ta sake taka wurin, sai dai in nemi wani uban. Duk Lahadi nakan ce zan je itace, in zauna can baya in saurari waƙa. Ko Nne ba ta sani ba.

Nna ya hana mu shiga gida. Ya zauna a gindin bishiya yana wasa addarsa, ya aika a kira wansa. Kafin rana ta take, unguwa ta cika.

Dede ya iso yana tauna asuwaki, ya kira Nna da sunansa. "Ezeani, ka kira ni da adda a hannu? Ko ɓeran daji ka kama za mu raba?"

"Dede, ka san abin da ka ɗaura."

"Ni? In zan kira ka rantsuwa, da rana tsaka zan zo, in kawo goro in fasa a gabanka. Ƙila kai ka ɗaura abinka, don a ce na tsokane ka. Tun kana yaro kai ne mai cin naman miya ka shafa wa kare mai a baki."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Kowa yana satar kallon na kusa da shi. Wata tsohuwa ta ce ta ga matar Dede ta bi ta nan da sassafe. Matar Dede ta ce ita ma ta ga tsohuwar, me ya fito da ita? Nne ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ni ko a gida ba na iya magana in mutum uku sun taru.

Nna ya miƙe. "Mu je gaban Ala yanzu. Ni da kai. Wanda ya yi ƙarya, kada ya ci sabuwar doya."

"Mu je," in ji Dede, ya tofar da asuwakin.

Na san halinsu. In suka isa can, ba a kan ganye kaɗai za su rantse ba, har filin zai shiga, kuma kowannensu ya yarda nasa ne. Ɗaya dai zai rantse a kan abin da ba haka ba.

"Nna." Muryata ba ta fita ba sai da na sake. "Nna, ba Dede ba ne. Ƙullin Fada ne."

Nna ya juyo ya dube ni.

"Akudo, yaya aka yi kika san ƙullin Fada?"

"Jiya na gani. A coci."

Nna ya taka zuwa ƙofa. Ya kwance omun da hannunsa, ya ce in wuce gaba. Dede da rabin unguwa suka biyo mu.

Fada yana gyaran kekensa. Da ya ga ganyen ya washe baki. Tisha ya fassara: wai Fada ya fito bin gidajen masu zuwa coci ne da safe, don ya bar musu albarka. Nna ya ce a gaya masa ma'anar omu a wurinmu. Fada ya yi jajir, ya ba da haƙuri har sau uku. Daga nan sai ya zaro wani ƙaramin littafi daga aljihu, ya shiga tambaya yana rubutawa. Wa ke ɗaurawa? Kwana nawa? Yaya sunan maigidan?

Dede ya juya ga Tisha. "Shi Bature baƙo ne. Kai fa, ɗan'uwa? A garinku ba a san omu ba? Wa ya nuna masa gidan?"

"Ni ganyen kawai na riƙe masa," in ji Tisha, yana kallon ƙasa.

"Gida nawa kuka ɗaura wa?"

"Naku ne na farko. Sai iskar keke ta sace."

Nna da Dede suka dubi juna, karo na farko cikin shekara biyu. Har yau ban sani ba ko iskar ta sace da gaske, ko kuwa wani ya so 'yan'uwa su kashe juna filin rafi ya zama ba mai shi.

Nna ya nuna littafin da baki. "Me yake rubutawa?"

Na leƙa. Turanci ne, a haɗe kamar sawun tururuwa. Kalma biyu kawai na gane. "Sunanka, Nna. Da omu."

"Sauran fa?"

"Ban iya ba."

A hanyar gida, da muka iso rafi, Nna ya tsaya. Ina jira ya ce in tattara kayana.

"Ɗazu ƙofata Baturen nan ya ɗaure," in ji shi, "yanzu ya ɗaure sunana a takarda, zai kai garinsu, ban san abin da ya ce na yi ba. Gobe ki koma makarantar. Ba don waƙarsu ba. Ki zauna a gaba, ki buɗe ido, har ki iya karanta wannan littafin. Kuma duk abin da Tisha ya faɗa, ki kawo mini shi da yamma."

Dede ya ce, "Ni ma a kawo mini."

"Kai kuma da wane dalili?"

Suka ci gaba da musu har gida. Da na shiga, Nne ta miƙo mini igiya ta ce in je in yi itacen Lahadi goma sha ɗaya da ban kawo ba.