Zaren Zuciyar Raihana

Cikin Raihana ya tsufa kafin a gano abin da ke sa ta haki. Daga asibitin Daura aka tura ta wani babban asibiti a Kano. Mijinta Suhaibu ya kai ta, ƙanwarta Murja ta bi su da kwandon abinci. Likitar zuciya, wata doguwar mace mai suna Amatullah, ta shafa mata mai a ƙirji ta ɗora na'ura, sai ga zuciyar a allo tana motsi, baƙi da fari.

"Kun ga nan?" in ji likitar. "Ƙofa ce mai marfi biyu. Akwai wasu siraran igiyoyi da ke riƙe da marfin, kamar yadda ake ɗaure asabari don kada iska ta ɗage shi. Guda ta tsinke. Shi ya sa jini ke komawa baya yana cika mata huhu."

Suhaibu ya tambaya ko sai an tsaga ƙirji. Ta ce a da dai sai haka. Amma akwai wasu likitoci baƙi da za su zo da wani sabon aiki da ake kan gwadawa. Siririyar roba ake zurawa ta jijiyar cinya har ta isa zuciya, tana ɗauke da zare na musamman. A maƙala bakinsa ɗaya a marfin, ɗayan a kafe shi a jikin zuciyar, a ja har ƙofar ta rufe daidai, zuciyar kuwa tana ta bugawarta. Ta ce za ta sa sunan Raihana, a yi mata bayan ta haihu.

"Amma ku saurare ni da kyau. Zaren nan ba ya aiki sai in zuciyar ba ta buɗe ba. In bakin ƙofar ya yi wa marfin faɗi, ko zare goma aka ɗaura ba za ta rufu ba. Saboda haka ba wankan jego da tafasasshen ruwa, ba kunun kanwa, ba kwana a kan gadon wuta. Kun ji?"

Duk suka ce sun ji.

Raihana ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Jibril. Da yake haihuwar fari ce, bayan suna aka ɗauke ta daga gidan mijinta da ke kusa da Kusugu, aka kai ta wankan gida Sandamu, wurin Iya. Iya kakarsu ce ta wajen uwa, ita ta rene su tun suna ƙanana. Suhaibu ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ya isar da saƙon likita cikin murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Iya ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Ya tashi ya tafi yana ganin ya sauke nauyi.

Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta ɓace ba Iya ta ce wa Murja ta jawo rabin duron nan ta ɗora a murhu.

"Iya, likita fa ta ce..."

"Likitar nan ta taɓa haihuwa? Ke uwar kunya, yau kuma baki ya buɗe? Matan unguwar nan kaf ni na wanke su, je ki tambaya wace ce ta lalace a hannuna. Mutum ɗaya na rasa, uwarku, ita ce kuwa wadda ban wanka ba. Can wani gari ta haife ki, babu mai dafa mata ruwa. Sanyi ya shige ta, aka kawo mini ita a kumbure kamar salka. Ba za a maimaita mini ba."

Murja ta je ta jawo duron. Duk sanda aka ambaci mutuwar uwarsu sai harshenta ya yi nauyi, don ta san haihuwarta ce ta zo da abin.

Da yake ita ce mai ɗebo ruwa da hura wuta, sai ta nemi hanyar da ba sai ta yi magana ba. In ruwan ya tafasa da ganyen darbejiya, kafin Iya ta fito sai ta sirka shi da na randa. In za ta dama kunu, ɗan ƙwalli na kanwa take jefawa don launi kawai. Garwashin da ake zubawa ƙarƙashin gadon ƙasa kuwa, rabi take kwashewa ta rufe da toka. Raihana ta gane, ta kama hannunta ta matse.

Sai dai zuciya mai ciwo ba ta rasa nuna alama. Wata safiya Iya tana shafa wa Raihana mai, ta danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta daɗe tana kallon ramin. Ta miƙe ta nufi bayan ɗaki, ta tsoma hannu cikin ruwan wankan har gwiwar hannu. Ta dawo ta kurɓi kunun da ke cikin ƙwarya, ta furzar.

"Murjanatu! Zo nan. Wannan ruwan na wankan jariri ne ko na mai jego? Wannan kuma kunu ne ko ruwan wankin gero?"

"Iya, don Allah..."

"Dubi ƙafarta! Dubi abin da kika yi! Haka ta uwarki ta fara, daga ƙafa." Hawaye na bin tamojin fuskar tsohuwar. "Na binne 'yata, yanzu kina so in binne jikata? Kada ki sake taɓa mini murhu."

Daga ranar Iya ta karɓi aikin da kanta. Ita da ke tafiya da sanda, ita ke jan itace, ita ke tsayawa a kan ruwa har sai ya yi ƙara. Safe da yamma tana tsoma damin ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa Raihana a baya da ciki, tururi na tashi ta saman katanga. Kanwa kuwa mai ƙarfin nan, ungurnu, ta aika aka sayo, tana zubawa har kunun ya yi kore. In kumburin ya ƙaru sai ta ce sanyin da ya riga ya shiga ne, ta ƙara wuta. Maƙwabta na shigowa barka suna cewa, "Kai, Raihana kin yi sa'ar kaka. Jegon nan ya karɓe ki, har kin yi ƙiba."

Murja ta samu yayarta ita kaɗai tana ba Jibril nono, tana tsayawa tana jan numfashi.

"Yaya, ki ce ba ki so mana. Ko in kira Yaya Suhaibu."

"Ya zo ya ce me? Ya yi musu da Iya a cikin gidanta?" Ta yi ɗan murmushi. "Bar ta, Murja. Ba ki ga ko barci ba ta yi saboda ni? Ba zan iya kallon idonta in ce a'a ba. Arba'in ɗin ma ta kusa."

A lokacin Raihana ta daina iya kwanciya, sai dai a jingine ta da bango a tara mata matasai. Takalmanta sun daina shiga.

Ba a kai ga arba'in ba aka bugo wa Suhaibu waya cewa baƙin sun iso. Da ya zo ɗaukarta ya gan ta, sai da ya dafa bango. A Kano aka sake ɗora mata na'urar. Wani baƙon likita mai furfura yana aune-aune a allo, yana magana da Amatullah a hankali. A kan wani tebur Murja ta hango doguwar robar a naɗe cikin leda, da ɗan farin zare a bakinta, bai fi wanda ake ɗinkin hula da shi kauri ba. Ta ƙura masa ido. Baƙon ya girgiza kai.

Amatullah ta juyo. "An yi wankan?"

Raihana ta sunkuyar da kai. Suhaibu ya kalli takalminsa.

"An yi," in ji Murja. "Da kanwar. Da wutar."

Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce zuciyar ta buɗe, marfin ba ya kai wa juna, zaren ba shi da abin da zai riƙe. Abin da ya rage sai magani, in Allah ya sa ta yi ƙarfi nan gaba a duba ko za ta iya ɗaukar babban aikin tsaga ƙirji, shi ma ba ta yi alkawari ba. Sannan ta kalli Murja ita kaɗai.

"In aka ci gaba da wankan nan, yaron nan ba zai san fuskar uwarsa ba."

Suna nan aka kira sunan wata mata, aka tura ta ciki a kan gado, aka ɗauki ledar nan aka bi ta da ita.

Aka kwantar da Raihana 'yan kwanaki, ana yi mata allurar da ke fitar da ruwa, har ƙafafun suka saɓe. Da aka sallame su Suhaibu ya so ya wuce da ita Daura, amma mai jego ba ta komawa ɗakinta ba ta yi arba'in ba, kuma bai san ta inda zai fara faɗa wa Iya ba. Suka sauka Sandamu da la'asar.

Iya ta tare su a tsakar gida, ta durƙusa da ƙyar ta danna ƙafar Raihana. Fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! Kun gani? Wankan ya fara cin sanyin. Gobe sai mu ɗora, mu rama kwanakin da aka sha."

Itace na nan jibge a gindin katanga, ta tara shi tun suna asibiti. Murja ta kalli Suhaibu, ya kawar da kai ya ce zai dawo jibi.

Washegari bayan sallar asuba Iya ta hura wuta, ta shiga ɗaki neman ganye. Murja ta fito. Ta sa ƙafa ta tura rabin duron, ruwan ya kife a kan murhu, wutar ta mutu da ƙara, toka ta tashi. Ta ɗauko ƙullin kanwar daga inda yake rataye ta juye wa awaki a komi. Sannan ta je ƙofar ɗakin Raihana ta jawo ta, ta zauna a dokin ƙofar ta jingina bayanta da ita. Daga ciki tana jin numfashin yayarta, daga can kuma ƙarar sandar Iya tana tahowa.