Allura a Tafin Hannun Tela

Tsohuwar tela ta daɗe tana cewa guntun allura ya karye cikin tafin hannunta. 'Yarta ta ce tsufa ne kawai, za ta sayar da keken ɗinkin. Tsohuwa ta dage sai an ɗauki hoton hannun a asibiti.

Likita ya ɗaga hoton a hasken taga. Ga ƙasusuwa farare a jere, ga allurar kwance tsakaninsu.

"Mama, kin yi gaskiya," in ji 'yar. "Kekenki na nan."

Tsohuwa ba ta ma ji ta ba. Ta ƙura wa hoton ido, tana motsa yatsunta a hankali.

"Ikon Allah! Likita, dubi haɗin gaɓoɓin nan. Ko zare ɗaya ban gani ba."