Hancin Firmin

Shekara biyu ke nan da wani zazzaɓi ya tafi da hancin Firmin. Jiki ya warke sarai, amma ƙamshi ya ɗauke ɗif. Ga mutumin da ya shekara arba'in yana haɗa jar giyar inabi a garin Madiran, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Sai ya shiga ɗakin gangunan giya ya tsaya sororo kamar baƙo.

Maƙwabcinsa Léonce ne ya rufa masa asiri, mutumin da suka ƙare ƙuruciya suna musun giyar wa ta fi. Duk lokacin haɗi sai ya zo ya bi gangunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa.

"Wannan baurinta ya yi yawa, kamar halinka," in ji shi. "Bar ta ta ƙara shekara."

Léonce bai taɓa faɗa wa kowa a garin cewa Firmin ba ya jin ƙamshi ba.

Wata Lahadi Odile, matar Firmin, ta gasa ƙirjin agwagwa ta ce a kira Léonce. Tun jajibirin ranar Firmin ya ɗauko kwalba mai shekara goma sha takwas, ya tsayar da ita don guggubin ya kwanta. Da hantsi ya tsiyaye ta a hankali cikin tulun gilashi, ya bar ta ta sha iska.

Léonce na zama ya kai hannu.

"Kai, tsohon banza, ba ruwan famfo ba ne!" Firmin ya ture hannun. "Shekara goma sha takwas ta jira ka, kai ka kasa jiran nama ya iso?"

Da aka zuba, Firmin ya juya kofin, ya kai hanci don sabo kawai. Da farko bai ji komai ba. Sai wani abu ya taso daga nesa, kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama. Can kuma tsohuwar fata, da busasshen ganyen taba. Ya ƙi motsi, kada abin ya gudu.

"Lafiya dai?" Odile ta tambaye shi.

"Agwagwarki ta ɗan ƙone ta ƙasa."

"Ta ƙone? Kai da ko juya ta ba ka..." Sai ta gane da hanci ya ji ƙaurin, ta dafe baki.

Firmin ya tashi ya bi teburin yana shinshina burodi, da cuku, har da gashin Odile, hawaye na bin gemunsa. Ya zo kan Léonce ya dafa kafaɗarsa.

"Mutumina, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"To rufe shi ka zuba mini," in ji Léonce, yana share ido da bayan hannu.

Odile ta kawo wani faranti, ta yanka naman siri-siri. Suka ci a hankali, suna kurɓa kaɗan-kaɗan, har rana ta karkata tulun bai ƙare ba.